Shafi Goma Sha Biyu na Kawu Milimita

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana aikin awon yanayi, amma a gidanmu ba mai tambayarsa ko za a yi ruwa. An gwada an gaji. Ko da hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ka ce masa Kawu a kwashe shanya, sai ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama kamar mai shirin faɗin babbar magana, daga ƙarshe ya ce shi abin da ya sauka yake aunawa, ba abin da ke rataye ba. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ake tambaya. Takan shafa gwiwarta ta hagu ta ce a kwashe, kuma da wuya a gama kwashewa ruwa bai tsuge ba.

Yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Na san wurin aikinsa tun ina ƙarama: fili mai shinge a bayan gari, da farin akwati mai tsaga-tsaga a kan ƙafafu huɗu inda ma'aunin zafi yake, da wasu ƙananan kofuna a kan dogon ƙarfe suna juyawa idan iska ta kaɗa, sai wani gwangwani mai mazurari da kwalba a cikinsa. Kullum ƙarfe tara na safe Kawu zai juye ruwan kwalbar a cikin gilashin awo, ya durƙusa har idonsa ya daidaita da bakin ruwan, ya rubuta a rajista. Idan ba a yi ruwa ba ma sai ya je ya duba, ya rubuta sifili. A cewarsa sifilin da aka je aka gani daban, sifilin da aka zauna a ofis aka zata daban. Abokan aikinsa ne suka sa masa Milimita, sunan ya biyo shi har gida.

Ranar da 'yarsa ta fari ta haihu, sai ƙarfe goma saura ya iso asibiti, don haihuwar ta zo dab da lokacin awo. Inna ta tare shi a bakin ƙofa da harara. Shi kuwa ya leƙa jaririyar ya ce an yi yayyafi da asuba, bai kai rabin milimita ba. Tun daga ranar ake kiran yarinyar Yayyafi.

To wannan Yayyafin ce ta tashi ba abin da take tsoro a duniya kamar tsawa. Bara, shekararta ta farko a firamare, duk ranar da aka yi tsawa sai ta shige ƙarƙashin teburin malama ta toshe kunne, 'yan aji suna dariya. Kafin damina ta ƙare ta kai ga in ta leƙa taga da safe ta ga gajimare, sai ciwon ciki ya taso, a yi ta fama ba za ta sa kayan makaranta ba. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, ba kullum take gida ba, don haka yarinyar a wurinmu take zama. An lallashe ta, an yi mata faɗa, an ce mata ba abin da zai same ta. Duk a banza. Da rani ya shigo abin ya lafa, amma kowa ya san damina za ta dawo.

Kawu, wanda a lokacin ya shekara biyu da yin ritaya, ya ce maganin tsoro ilimi ne. Ya sa hularsa ya zaga shagunan littattafai yana neman littafin yanayi na ƙananan yara. Ya dawo da guda uku, ransa a ɓace. A na farko an zana rana tana murmushi. A na biyu gajimare na da kumatu yana hura iska. Na uku ne ya fi ƙona masa rai, don an zana ɗigon ruwan sama da tsini a ka kamar hawaye, alhali a cewarsa ɗigon ruwa a sama ba shi da tsini ko kaɗan. Inna ta ce to ya koma ya kai ƙarar mai zanen. Ya ce ba sai ya kai ƙara ba, zai rubuta nasa, kuma zai gama kafin ruwan farko.

Ni aka ɗora wa bugawa, tunda na ɗan koyi kwamfuta a sakandare. Wata biyu yana rubutu a teburin cin abinci, da tsofaffin rajistocinsa jibge a gefe, muna cin abinci a tabarma. Da ya miƙo mini takardun na ƙirga shafi tamanin da shida. Akwai babi a kan sunayen gajimare goma. Akwai jadawalin ruwan da aka yi na shekara talatin, wata bayan wata. Na ce Kawu yarinyar fa shekararta shida. Ya ce shi ya sa ya taƙaita.

Ranar karatun farko ya zaunar da ita a kan kujera bayan la'asar, ya sa tabarau, ya ajiye agogonsa da wani sabon littafin rubutu a gefe. Ya fara da bayanin abin da ake nufi da yanayi, da bambancinsa da sauyin yanayi na tsawon shekaru. Yayyafi ta saurara da ladabi, ta kalli silin, ta kalli yatsun ƙafarta, ta zame daga kujera ta bi kyanwa. Kawu bai kira ta ba. Ya dubi agogo ya yi rubutu. Littafin yana wurina yanzu, ga abin da ya rubuta: "4:10 an fara. 4:11 mai sauraro ta tafi."

Haka ya mayar da jikarsa abin awo. Kullum bayan la'asar a karanta, a rubuta layin da ta tashi a kai, da abin da ya ɗauke mata hankali, kyanwa ce ko mai tallan alewa. Duk shafin da ta gudu a kansa sau uku, sai ya ja masa jan layi ya ce in cire. Ranar da jadawalin shekara talatin ya tafi, bai ci abincin rana sosai ba. Sunayen gajimare suka ragu daga goma zuwa uku. Cikin mako uku littafin ya dawo shafi arba'in, mai sauraro kuma ta kai minti huɗu, wanda Kawu ya ce ci gaba ne da ba a raina shi. Sai dai iska ta fara sauyawa, zafi ya tsananta, Inna ta fara taɓa gwiwa. Wata safiya wani ɗan gajimare ya gifta, Yayyafi ta ce cikinta.

Inna ce ta yi maganar tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam Milimita, mako uku kana auna yarinyar nan. Ka taɓa tambayarta me take tsoro?"

"Tsawa mana."

"Me tsawar za ta yi mata?"

Kawu ya duba littafinsa kamar amsar tana ciki.

Da la'asar ɗin nan bai ɗauko takardu ba. Ya zauna a ƙasa kusa da Yayyafi, da ƙyar, don bayansa ba ya son ƙasa, ya tambaye ta. Ta daɗe tana wasa da gefen tabarma kafin ta ce ita ba ƙarar ce ta fi damunta ba. Abin da ke damunta, ba ta san inda tsawar take ba. Tana jin ta kamar a kan kwanon ɗakin, kowa kuma sai ya ce mata ba komai, alhali ta ga Inna ma tana zabura.

"Tsoho," ta ce, don haka take kiransa, "za ta faɗo mana?"

Ina tsaye a bakin ƙofa ina roƙon Allah ya sa Kawu ya ce a'a, sau ɗaya dai a rayuwarsa ya faɗi abin da bai auna ba.

"Ban sani ba," in ji shi. "Amma zan nuna miki yadda za ki san nisanta."

Yarinyar ta ɗago ta dube shi. Ina jin wannan ne karo na farko da wani babba ya ce mata bai sani ba. Ya gaya mata haske ya fi ƙara sauri, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Idan ta ga walƙiya ta fara ƙirga a hankali, duk uku kilomita ɗaya ne, kamar daga gida zuwa makarantarsu. In ta kai shida, tsawar tana can wajen asibitin mamanta. Ya kuma ce mata wanda ya shiga ɗaki lokacin tsawa ya yi daidai, wanda ya tsaya a fili ko a gindin bishiya shi ne bai san abin da yake yi ba. Ta tambaya ko ƙarƙashin gado ma ɗaki ne. Ya yi tunani sosai, ya ce ƙarƙashin gado yana cikin ɗaki, don haka babu laifi. Ranar minti ashirin da biyar ta yi ba ta tashi ba, kuma Kawu ya manta bai duba agogo ba. Ni na duba.

Washegari ya karɓi shafi arba'in ɗin ya zubar da kusan duka. Ya ce Yayyafi ta riƙa tambaya yana amsawa, kowace tambaya shafi ɗaya. Ina ruwa yake kafin ya sauko? Me ya sa gajimare ba ya faɗowa? Iska tana gajiya? Aka tashi da shafi goma sha biyu, tsawa ta ci uku. Shafi na tara, inda ta tambayi ko gobe za a yi ruwa, layi biyu ne kawai: ba wanda ya sani tabbas, amma akwai masu duba alamu su yi hasashe. Inna ta ce a sa sunanta a wurin. Kawu ya ce gwiwa ba ta cikin kayan aiki.

Ruwan farko ya zo ranar Asabar da azahar, littafin bai ma je wurin mai kwafi ba. Iska ta fara buga ƙofofi, gari ya yi duhu, aka yi walƙiya. Kafin in juya Yayyafi ta shige ƙarƙashin gadon Inna. Kawu ya tsaya a tsakiyar ɗaki riƙe da littafin rubutunsa, na ga fuskarsa ta sauya. Wata uku na aiki, ga mai sauraro a inda take bara. Aka sake walƙiya. Sai muka ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin gado tana rawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Kawu ya durƙusa, ya kwanta rub da ciki a kan siminti, kansa a bakin gadon, ya buɗe littafi. Tsawa ta fashe tana kan sha biyar.

"Kilomita biyar," in ji muryar. "Rubuta, tsoho."

Matsalar ita ce tsoro ya sa tana ƙirga da gudu kamar ana korarta. Ni kaina na san bai fi daƙiƙa shida ba, Kawu kuwa agogo na hannunsa. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya bai bar lamba ɗaya ta ƙarya ta shiga rajistarsa ba, na ga bironsa ya tsaya a sama. Inna ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ya rubuta biyar. A gefen shafin, da ƙananan haruffa yadda sai an matso ake gani, ya ƙara: "Mai awo tana sauri."

Sau tara ta auna a ranar. Wajen na shida ya fara buga tafin hannunsa a ƙasa a hankali, ta riƙa bin bugun, lambobin suka daidaita ba tare da kowa ya ce an yi kuskure ba. A na takwas kanta ya leƙo waje. Da ruwa ya ɗauke ita ta fito da kanta, Kawu ne sai da ni da Inna muka kama shi muka ɗaga.

An yi kwafi talatin a shagon buga takardu na bakin titi, aka ɗinke da zare, aka kai wa malamarsu. Yayyafi ce ta zana bangon. Ta zana rana tana murmushi har kunne, da ɗigon ruwa manya-manya, kowanne da tsininsa a ka. Kawu ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce a buga haka, amma a bar masa layi ɗaya a shafin ƙarshe, inda ya sanar da masu karatu cewa zanen bango ra'ayin mai zane ne. Daga baya malamar ta aiko da godiya. Ta ce yanzu in an yi walƙiya ajin gaba ɗaya ke ƙirga da ƙarfi, rabinsu a ƙarƙashin benci, don wai littafi ya ce babu laifi.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan ruwan farko, gari ya waye da hadari ta gabas. Duk muka yi kamar ba mu gani ba, muna jiran ciwon ciki. Yayyafi ta fito sanye da kayan makaranta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ta leƙa taga ta daɗe. Ta tambayi Kawu ko za a yi ruwa. Ya ɗaga kai ya yi nazarin sama yadda ya saba, ya ce bai sani ba. Ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan, ta juya wajen kakarta.

"Inna, gwiwa fa?"

Inna ta shafa ta hagu. "Ɗauki lema."

Ta ɗauka, ta sa ɗaya takalmin, ta fita.