Neman Izinin Jefa Fatsa a Zamalek

Baba ya daina cin abinci a shekararmu ta farko a Ainu Shams, wata unguwa a Alƙahira. Ba wai ya yi rantsuwa ko ya yi fushi da wani ba. Zan ajiye masa kwano, ya ce ya gode, in dawo in tarar ya ɗan gutsiri gefe ya rufe. Likita ya duba shi ya ce bai ga komai ba, a ba shi abin da yake so. Na ce a raina, kai ma dai da neman magana, abin da yake so yana can bakin kogin Shuɗin Nilu, jirginsa da tarunsa, kuma yaƙi ya raba mu da su.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakanninmu sun taso daga yamma za su Makka, suka ga ruwa, suka zauna. Baba masunci ne, haka ubansa. A Alƙahira kuwa ya zama tsoho mai zama a bakin taga, a hawa na huɗu, yana kallon bangon maƙwabta da shanyarsu.

Ni ban yi kuka ba a lokacin. Ban ma ji tsoro ba, in faɗi gaskiya. Ina kallon wuyansa yana ƙara fitowa daga riga kamar yadda nake kallon tukunya ko ta tafasa. In tashi, in share, in dafa, in wanke, in kwanta. Wata maƙwabciyata Bamasariya ta ce mini ina da haƙuri. Ba haƙuri ba ne, cikina ne ya yi shiru, kuma ban da ƙarfin da zan yi mata bayani.

Maigidana direba ne a gidan wani Bature a unguwar Zamalek. Baturen nan mahaukacin kamun kifi ne, amma irin nasa kamun. Sai ya yi tafiya har kudu, babban tafkin nan na bayan Aswan, ya sha wahala ya kamo giwan ruwa, ya ɗauki hoto da ita, ya sake ta ta tafi abinta. Yana nuna wa maigidana hotunan kogunan ƙasarsu a cikin dazuzzuka, da wani kifi wai shi baramundi, wanda in ka gan shi ka ce ƙanen giwan ruwa ne. Da aikinsa ya ƙare zai koma gida, sai ya bar wa maigidana sanda ɗaya da ɗan akwati.

Sandar doguwa ce siririya, ana harhaɗa ta gaɓa-gaɓa, ba ta da nauyi ko kaɗan. A cikin akwatin kuwa ƙugiyoyi ne jere, kowace an ɗaure mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Babu tana, babu koto kowane iri. Wai sai a yi ta kaɗa igiyar a sama, gaba da baya, sannan a sauke ƙwaron a hankali kan ruwa, kifi ya zaci na gaske ne.

Maigidana ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba, ya ce, "Baba, ga wani abin mamaki na kawo maka ka gani."

Baba ya daɗe yana juya ƙugiya ɗaya a hannu. Sannan ya ce, "Wanda ya ɗaura wannan bai taɓa ganin farar da ta faɗa ruwa ba. Ƙafarta ba haka take yi ba."

Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka har na manta. Washegari ya aike ni wajen mai kaji a kasuwa in roƙo masa gashin wuyan zakara. Ni da girmana ina tsugune ina tsintar gashi a cikin ƙazanta, mai kajin yana tambayata ko asiri zan yi. Na ce masa eh, kai zan fara yi wa. Na kawo, Baba ya karɓi zaren ɗinkina baƙi, ya kwance na Bature, ya ɗaura nasa. Yana yi yana tsaki. Abinci kuwa har yanzu sai gutsire.

Maigidana ne ya ce mu kai shi ruwa. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Baba rungume da sandar a cikin buhu. Muka sauka, muka taka a hankali muka haye gadar kogin Nilu zuwa Zamalek. Maigidana ya san wani tsani da yake gangarawa bakin kogi a ƙasan gadar, inda babu mai gadi. Wurin yana warin laka da man jirgi, ga robobi sun taru a gefe. Baba ya tsaya yana kallon ruwan.

Maigidana ya harhaɗa sandar ya miƙa masa. "Yalla, Baba, bismillah."

Baba bai karɓa ba. Ya ce, "Ruwan nan na wane ne?"

"Na gwamnati ne, Baba. Kowa ma yana jefawa. Dubi waɗancan a kan gada."

"Ban tambaye ka gwamnati ba. Wane ne sarkin ruwan nan?"

A wurinmu haka ake yi. Baƙon masunci ba ya jefa ko da fatsa a ruwan wasu sai ya je ya gai da sarkin ruwa, ya faɗi daga inda ya zo da kayan da yake kamu da su. In an ce masa ya jefa, ya jefa, in an ce a'a, ya naɗe. Baba ya sha zama a inuwar jirginsa baƙi suna zuwa gaishe shi. Na san wannan sarai, amma a ranar haushi ya ba ni. Mun sha zafi, mun sha matsi a metro, ƙafata tana zugi. Na ce, "Baba, don Allah, nan Masar ce. Babu wani sarkin ruwa. Ka jefa kawai, khalas, shi ke nan."

Ya ce, "Uwata, ni ba ɓarawo ba ne."

Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na zauna a kan tsanin.

Ya fara da wani saurayi mai sayar da shayi, ya tambaye shi da Larabcinmu na Sudan. Saurayin ya yi dariya ya ce ma'alish ya hajj, bai san wannan ba. Ya tambayi wani mai fatsa, shi kuma ya nuna sama da yatsa ya ce ruwa na Allah ne, ya jefa abinsa. Baba ya ce masa ya gode, amma bai gamsu ba. Ya ce mini wannan mai wasa ne, dubi hannunsa. Ni ina zaune ina kallon tsoho yana yawo daga mutum zuwa mutum rigarsa tana lilo a jikinsa, ban ji kunya ba, ban ji tausayi ba. Tunanina yana kan wankin da na bari a jiƙe.

Can sai ga wani ƙaramin jirgi ya ratso ta ƙarƙashin gada. Irin mutanen nan ne da suke kwana su tashi a cikin jirgi, da risho da bargo da komai nasu. Mace tana tuƙi, mijinta dattijo yana jan taru. Baba ya ɗaga hannu ya yi sallama, suka matso.

Baba ya cire takalmi, ya gaishe shi kamar yadda ake gai da manya. Ya faɗi garinmu, ya faɗi ruwan da ya yi kamun kifi a ciki tun yana yaro. Ya buɗe akwatin ya nuna masa ƙugiyar da ya ɗaura. Sannan ya ce shi baƙo ne, yana neman izini ya jefa a nan.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya karɓi ƙugiyar ya duba, ya dubi tafin hannun Baba. Sai ya ɗaga tarunsa ya nuna 'yan karfasa ƙanana da ba za su cika kwano ba. Ya ce, "Ya hajj, ka ga abin da na samu tun safe. Wannan gefen shi nake ci da iyalina, kuma yanzu suna ƙwai. Ba na so a taɓa su. Ka yi haƙuri sai bayan wata biyu, ka zo ka same ni."

Maigidana ya fara cewa haba, fatsa ɗaya ce fa, tsoho ne kuma ba shi da lafiya. Baba ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

Baba ya ce wa dattijon, "Ka yi daidai. Ni ma da abin da zan ce ke nan."

Suka yi musabaha, jirgin ya wuce. Baba da kansa ya warware sandar ya mayar buhu, ko jiƙa igiyar bai yi ba.

A metro bakinsa bai huta ba. Ya ce mutumin ya san aikinsa, sai dai idon tarunsa ya yi ƙanƙanta, in ya koma zai faɗa masa. Ya ce a wata biyu zai ɗaura ƙwaro na kamun kifin tsage, wanda yake son farin gashi. Maigidana yana ta ce masa tamam, Baba, tamam. Ni ina riƙe da ƙarfe ina kallon tashoshi suna wucewa.

Da muka isa gida na ɗumama tuwon da na tuƙa da safe. Ina cikin zuba wa maigidana sai na ji muryar Baba daga ɗaki. "Uwata, akwai tuwo? Ki sa mini da yawa."

Na leƙa tukunya. Malmala biyu ce, ta maigidana da tawa. Na tsaya da mara a hannu ina ƙoƙarin tuna ranar da na daina auna gari da shi, na kasa tunawa. Na zuba masa tawa na kai masa, na zauna a bakin ƙofa ina kallo har ya cinye.