Dakta Ɗayyabu Sada Furana da Binciken Ruwa Mai Yauƙi

Haihuwa da Karatu

An haifi Ɗayyabu a shekarar 1968 a Furana da ke ƙasar Ikara. Mahaifinsa Malam Sada manomin dawa ne, mahaifiyarsa Zulai kuwa ta shahara da sana'ar busasshiyar kuɓewa. Ya yi firamare a Ikara daga 1975, ya kammala sakandare a Makarfi a 1986, sannan ya sami digiri a fannin kimiyyar fizis a 1991.

Aiki da Aure

Ya fara koyarwa a wata sakandare a Kudan, inda ya auri Khairiyya, 'yar wani manomin rake, a 1996. A 2003 ya sami gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje, kuma a can ya haɗu da tambayar da ta cinye ragowar rayuwarsa. Ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, sukan yi iyo kowace ta kama gabanta idan suna cikin ruwa tsantsa. Amma a jikin mutum da dabba galibi cikin majina da makamantanta suke, wato ruwa mai kauri wanda idan an ja shi yakan miƙe ya koma. Ɗayyabu ya so ya san ko wannan yauƙi ne ke sa su haɗa gungu su riƙa kewayawa tare.

Binciken Kuɓewa

Ya dawo gida a 2008 ya kama aiki a wata jami'a. Da yake sinadaran da ake haɗa irin wannan ruwa da su ba sa samuwa, sai ya koma ga kuɓewar mahaifiyarsa. Ɗakin gwajin ba shi da murhu mai aiki, saboda haka Khairiyya ce ke tafasa kuɓewar a gida, ta tace, ya tafi da ruwan cikin kwalba. A 2013 ya wallafa maƙala yana mai cewa yauƙi na ninka girman gungun ƙwayoyin har sau biyar. Maƙalar ta fitar da sunansa, jami'a kuma ta soma duba takardunsa domin ba shi muƙamin farfesa.

Janye Maƙala

A 2015 ɗalibarsa Winifred ta maimaita gwajin da kuɓewar da ta tafasa da kanta, gungun bai kai rabin abin da aka wallafa ba. Bayan wata uku ana neman dalili, Ɗayyabu ya tsaya a madafi ya kalli yadda matarsa ke dafawa, ya ga ta jefa ɗan gutsuren kanwa a tukunya. Da ya tambaye ta tun yaushe take haka, sai ta ce: "Malam, wa ke dafa kuɓewa babu kanwa? Ko Inna mahaifiyarka haka take yi." Kanwar tana sauya ɗabi'ar ruwan, don haka ba a iya rabe aikinta da na yauƙi ba.

A lokacin babu wanda ya san wannan sai shi da matarsa, kuma saura makonni kwamitin ƙarin girma ya zauna. Wasu abokansa da ya yi wa maganar a dunƙule sun ba shi shawarar ya dakata har a gama zaman. Bai dakata ba. Ya rubuta wa mujallar ya janye maƙalar, ya ce shi ne ya gaza tantance abin da ke cikin ruwan. Bai ambaci kowa ba. Muƙamin ya wuce shi, kuma bai sake nema ba har ya bar duniya.

Shekarun Ƙarshe

Daga 2016 ya sake gwajin tun daga tushe, tukunya biyu kowane mako, ɗaya da kanwa ɗaya babu, Khairiyya na tafasawa yana aunawa. Aikin ya ɗauki shekara shida. A 2022 suka tabbatar cewa yauƙi shi kaɗai yana ƙara gungun, amma sau biyu, ba sau biyar ba. Sabuwar maƙalar gajera ce, ba ta yi tashe kamar ta farko ba, sai dai duk wanda ya maimaita ta ya sami abin da ta faɗa. A shafin godiya ya sa sunan matarsa a matsayin wadda ta haɗa ruwan gwaji.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, a gidansa da ke Makarfi, bayan jinyar ciwon ƙoda, yana da shekara hamsin da biyar. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a Furana kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Rashida, Ja'afar da Halimatusa'adiya. Labarin yadda kanwar ta shiga gwajin farko bai fito daga bakinsa ba. Khairiyya ce ta faɗa wa ɗalibansa ranar addu'ar uku, ta ce shekara takwas tana jiran ya ɗora mata laifin, bai taɓa yi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.