Na Kai Surukina Daji

Tun kafin surukina ya sauka a Jidda na san abin da ya kawo shi, kuma ba Umara kaɗai ba ce. Matata ce 'yar autarsa. Shekararmu huɗu ke nan a wani ɗaki da falo a hawa na uku a unguwar Bagdadiyya, ni ina aikin gwajin jini a asibiti, ita tana gida. Wani yayanta ya tsegunta mini ta waya cewa tsohon ya ce muryar 'yarsa ta canza, zai zo ya gani da idonsa, in abin bai yi masa ba zai taho da ita gida ta huta. Ni kuwa na san irin wannan hutun. Akwai abokin aikina da aka ɗauke masa mata hutun wata guda, har yau shi yake dafa wa kansa taliya.

Sai na ce bari in nuna wa tsohon nan cewa 'yarsa ba a kurkuku take ba. Larabawan da muke aiki tare, da sanyi ya shigo ba su da hira sai ta daji. Su loda tanti da darduma da tukwane a mota su yi kwana uku a cikin rairayi, su dawo suna nuna mana hotuna. Na ga kwarin Disa a wayar wani, duwatsu jajaye sun tsaya dama da hagu, ruwa na gudu a tsakani. Na ga gandun namun dajin da ke kusa da garin Ula, da barewa da jimina da farin mariri. Nan take na yanke shawara. Ina da aboki Bahaushen Sudan, haifaffen unguwar Nuzla a nan Jidda, direba ne a wani gida a unguwar Abhur, kuma shi yake kai masu gidan daji duk shekara. Kafilinsa, wato ubangidansa, ya yi tafiya, ya yarje masa ya ɗauki jif ɗin gidan. Na zauna na tsara tafiyar kwana huɗu a takarda, awa bayan awa, na kama mana gurbin shiga gandun ranar ƙarshe da ƙarfe takwas na safe. Da na nuna wa matata, tambaya ɗaya ta yi mini, a ina Baba zai kwana, ni kuma a ina. Na ce mata halas, shi ke nan, komai na shirya. Ban ko tsaya na ji abin da take nufi ba.

Aka gaya wa tsohon. 'Yarsa ya ja gefe ya tambaya ko mai gidan haya ne ya kore mu. Shekara talatin ya yi yana fataucin shanu daga Nijar zuwa kudu, ya kwana a daji har ya gaji, kuma bai taɓa jin wanda ya bar gado da ƙofa ya tafi kwanan ƙasa don nishaɗi ba. Amma ya ce tunda an shirya, a je.

Abin da na manta shi ne surukuta. A gida abin da sauƙi. In shiga da safe in durƙusa in gaishe shi, idona a ƙasa, in fita aiki. Abincinsa a falo, nawa a ɗaki. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa ganin ina tauna ba, kuma haka aka rene ni. To a daji babu falo babu ɗaki, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Mun bar Jidda bayan asuba, muka bi gaɓar teku muka wuce Yanbu, da la'asar direban ya sauka daga kwalta ya shiga rairayi. Wurin da ya tsaya yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, tuddai ne na yashi har iya ganinka. Ya hura wuta, ya dafa shinkafa da kaza irin ta Larabawa, ya juye a faranti guda ƙato, ya ɗebar wa matata nata, ya ajiye sauran a tsakiyar darduma. Tsohon ya wanke hannu. Direban ya wanke hannu. Ni na tashi na ce zan duba tayar mota.

"Ya duktur, yalla ta'al, zo mana, abinci zai huce," in ji direban, da ƙarfi, kamar yana kiran kurma.

Na ce cikina ne ba daɗi. Shi a Jidda aka haife shi, Hausar ma rabi Larabci ce, wannan kunyar tamu bai san ta ba. Ya sake kira, ya ce da safe lafiya lau na cinye fulu, dafaffen waken Larabawa, kwano guda a gabansa. Tsohon dai bai ɗago kai ba. Na zaga bayan mota na ci dabino bakwai da biskit, ina jin ƙamshin kaza, ina jin su biyun suna dariya. Direban yana ce masa ya Ammi, wato Baffa, yana tura masa cinya, shi kuma yana ba shi labarin yadda kura ta taɓa biyo garkensu kwana biyu. Ni da na shirya tafiyar ban taɓa jin wannan labarin ba.

Ana haka sai ga maganar kwana. Tanti biyu muka taho da su, ɗaya nawa da matata, ɗaya na tsohon da direba. A takarda abin daidai ne. Amma direban ya kafa su ƙofa na kallon ƙofa, taku biyar tsakani. Yaya za a yi in ɗaga labule in bi 'yar mutum ciki, yana zaune yana jan carbi yana kallona? Na ce ni a mota zan kwana saboda tsaro. Direban ya dubi hagu da dama, babu ko akuya, ya tambaye ni tsaron wa. Haka na yi kwana uku a kujerar mota cikin sanyin da ban taɓa ji ba a ƙasar nan, na tashi kullum wuyana a karkace. Maganar zagayawa kuwa ba sai na yi ta ba. Fili ne fetal, duk inda ka nufa da buta ana hangenka, sai da na riƙa tafiyar da ta kusa kai ni wani gari.

Rana ta biyu muka shiga kwarin Disa. A nan na so in nuna kaina, na ce direban ya ba ni mota. Ya ce yashin cikin kwarin yana da laushi, na ce ai na iya. Ba mu yi nisa ba mota ta nutse har ciki. Na taka mai, ta ƙara nutsewa. Na fito ina gumi cikin sanyi, ina ta latsa waya, babu sabis. Tsohon ne ya sauko a hankali, ya zagaya motar, ya ce a rage iskar tayoyi, a sa busassun rassan dabino a ƙarƙashi, a daina taka mai kamar ana faɗa da ita. Direban ya ce wallahi haka ne ya Ammi, kamar ba shi ma abin da zai yi ke nan ba. Sun fitar da ita su biyu, ni ina tura baya, taya ta watsa mini yashi har cikin kunne. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Wannan ya ci mana awa biyu daga cikin takardata, kuma ni takardar kaɗai nake gani. Mun yada zango a bakin ruwan, gindin wasu bishiyoyin dabino. Na san matata ta cire takalmi ta shiga ruwa, na san ta karɓi girkin ranar daga hannun direban ta kafa murhu da duwatsu uku. Na gani da gefen ido. Amma ina can kan wani dutse ina ɗaga waya sama, ina lissafin ƙarfe nawa za mu tashi gobe in muna son isa Ula da rana. Da ta kira ni in zo in ga wasu ƙananan kifaye, na ce mata ina zuwa, ban je ba.

Mun isa Ula a rana ta uku, muka kwana a wani fili nesa kaɗan da gandun. Na gaya wa kowa, ta bakin matata, cewa ƙarfe bakwai za mu tashi, domin masu gandun da motocinsu suke shiga da mutane, kuma ba sa jiran kowa. Da gari ya waye na naɗe tanti, na loda kaya, bakwai saura kwata komai ya kammala. Sai ga wani makiyayin raƙuma ya ɓullo da garkensa. Tsohon ya ga dabbobi, shi ke nan. Ya tashi ya tare shi, suka gaisa, ashe mutumin Sudan ne, direban ya zama tafinta. Aka shimfiɗa dardumar da na naɗe. Aka sauke butar shayin da na ɗaure. Tsohon yana buɗe bakin raƙumi yana duba haƙora, yana tambayar me suke ci a ƙasar da babu ciyawa.

Ni ina tsaye jikin mota ina duba agogo, raina yana tafasa. Ba a ce wa suruki ya yi sauri. Na yi wa matata ido, ta je ta durƙusa kusa da shi ta dawo, ta ce ba za ta iya katse shi yana magana da baƙo ba. Na yi wa direban ido, ya ɗago mini kofin shayi yana murmushi. Na tayar da mota na kashe. Na sake tayarwa. Bakwai da rabi ta wuce, takwas ta wuce, makiyayin ya tatso madara a kwano, aka sha aka yi addu'a. Da muka isa ƙofar gandun motocin sun daɗe da shiga. Mai gadin ya yi mana magana da ladabi, ya ce sai dai gobe in akwai gurbi, ni kuwa gobe da safe ina bakin aiki. Muka tsaya a bakin wayar shingen gandun. Can nesa akwai wani abu fari, direban ya rantse mariri ne, ni dai har yau ina zaton dutse ne.

A nan ne tsohon ya ce a shimfiɗa masa darduma a inuwar mota, ya aiki 'yarsa da direban su nemo ruwa, ya ce in zauna. Ban taɓa zama da shi mu biyu ba. Na durƙusa a gefen dardumar na fara ba da haƙuri, na ce Baba ban so aka rasa ganin namun nan ba, na ce laifina ne da ban tsara da kyau ba, ko da yake a zuciyata na san ko laifin wa nake gani.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Malam, na ga barewa tun ba a haife ka ba, ba ita ta kawo ni ba. Shekaranjiya a bakin ruwan nan na ji dariyar yarinyar nan, irin wadda take yi a gida. Kai yaushe rabonka da jin ta?"

Bai jira amsata ba, ya ƙara wata tambayar.

"Kafin in zo, sau nawa ka fito da ita irin haka?"

Na ce aiki ne Baba, ga dutin dare, ga zafi. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ya ce ba shi da ƙorafi a kan ci da sha da sutura, ya ga na tsare su, kuma ya ga kunyar da nake yi masa, Allah ya yi albarka. Ya ce amma zai tafi da ita ta yi damina a gida.

Muka kama hanyar komawa Jidda. Haushi nake ji na kowa, na makiyayin, na direban da shayinsa, na Larabawan asibiti da hotunansu. Na yi yunwar kwana huɗu, na kwana a kujera, na ci yashi, duk don kada a kai ga wannan maganar, ga shi an kai. Da muka shiga gida tsohon ya tafi masallaci, na sami matata tana wanke tukwanen tafiyar. Na ce mata ta yi wa Baba magana, ita yake ji, ta gaya masa lafiya muke zaune, kada ta bari ya yanke mana hukunci a kan tafiyar da ta lalace.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Tafiyar ba ta lalace ba, ni na ji daɗinta. Kuma ba Baba ne ya yanke ba. Ni na roƙe shi ya zo ya tafi da ni."

Bayan sati guda na kai su filin jirgi. Juma'ar da ta biyo baya ba ni da aiki, na dawo daga masallaci na rufe ƙofa, na ce bari in zauna yadda take zama. Tagar falon bangon maƙwabta take kallo, ban taɓa lura ba. Na kunna talabijin na kashe, na share ɗakin da ba shi da datti, na leƙa matakala ko zan ji motsin mutum. Kafin a kira la'asar na ɗauki makulli na fice, na kasa. Ita kuwa shekara huɗu ta yi.