Kuɓewar Baba da Shanu Suka Cinye

Shekarun baya can, bayan rasuwar mahaifinmu, na ɗauko mahaifiyata daga gida na kawo ta wurina a Lugbe. Jiki kawai na kawo. Matar da ko tsintsiya ka ajiye ba daidai ba sai ka sha faɗa, sai ga ta tana wuni ba ta ce uffan ba. Abu ɗaya ta riƙe gam: ƙullin tsumma mai irin kuɓewar Baba, wata mai jan kara da ya gada wurin mahaifinsa. Ita ke nan ta rage, ta gida gara ta cinye.

Ina da ɗan fili a Orozo, bakin rafi, inda nake cika bakin ni manomi ne, alhali abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne sa takalmin roba in ɗauki hoto. Da damina na shuka masara, Inna kuma ta zuba irinta duka a gefe.

Da ruwa ya ɗauke, aikin kaka ya taso. Muka karya masara, saura a share ciyawa a gyara wurin tumatirin rani. Inna ta ce, "Kada a taɓa mini manyan kuɓewar nan. A bar su su bushe a kan kara, su ne irin baɗi."

Ranar da muka zo cirewa, tun daga nesa na hango ɓarna. Kara a kwance, sawun kofato ko'ina. A wajen, da zarar an gama girbi makiyaya kan saki shanu su ci kara, su bar wa mai gona taki. Filina ba shinge, komai a bushe. Kowa ya gani zai ce an gama.

Inna ba ta yi kuka ba. Tsugunawa ta yi tana tona ƙasa da yatsa. Wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Sai ga dattijon mai shanun. Na taso masa da zafi, Inna ta ce, "Kul! Sa'an ubanka ne." Da ya ji labarin irin, ya cire malafarsa ya durƙusa.

"Hajiya, na ɗauka an gama. Ba ni da irin da zan mayar maki. Amma bari su kwana a nan, ko ƙasar ta samu taki."

Ta ce, "Na yafe, Malam. Haka Allah ya so."

Na sayo mata wani iri a kasuwa. Ta sa mini albarka, ta ajiye a taga, ba ta ƙara kallonsa ba.

Shanun suka yi kwanakinsu. Muka juya takin cikin ƙasa, muka ja ruwa daga rafi, na dasa tumatir. Bayan 'yan makonni na lallaɓa ta muka je, don dai ta sha iska. Ina duƙe ina cire wasu tsire-tsire da suka cika wurin, sai na ji tsawa a kaina.

"Kai! Ɗauke hannunka! Makaho ne kai?"

Rabon da in ji wannan muryar tun Baba na da rai. Ta nuna mini ƙasan tsiron, ja wur. Ashe 'ya'yan da shanun suka haɗiye sun fito cikin kashinsu, ruwa ya tashe su. Ta zauna daɓas a ƙasa, dariya da hawaye tare, tana kiran Baba yadda ta saba kiransa, tana cewa, "Malam, har ta cikin saniya ka biyo ka dawo?"

Yanzu duk kaka kuɓewa nake fara cirewa, in rarraba irin ga maƙwabta, har da gidan dattijon nan. Na daina ajiye abin da nake so a ƙulli ɗaya.

Tumatir kuwa a shekarar ko kwando ban samu ba, don Inna ta hana a cire ko tsiro ɗaya. Faɗa na sha shi har muka iso Lugbe, ina tuƙi ina murmushi. Ban taɓa yin asarar da ta yi mini daɗi irin wannan ba.