Shirun da Baba ya bari a kaset

Shekara bakwai ke nan cif da aka kai Baba makwancinsa a maƙabartar Williamsville, nan Abidjan. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Bana dai na rubuta, domin bana ne ya fitar da ni kunya a wurin aiki, shi da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

A unguwar Adjamé kowa Malam Idi Mai-Kaset yake ce masa. Yana da ɗan shago kusa da tashar manyan motoci, da benci ɗaya, da rikoda mai cin batir shida. Kafin waya ta shiga aljihun kowa, fataken da suka zo daga Kano da Katsina a wurinsa suke aika saƙo gida. Mutum ya zauna ya yi wa rikoda magana, Baba ya rubuta suna a bayan kaset, direba ya tafi da shi.

Amma Baba yana da dokarsa. In mai saƙo ya yi sallama, sai ya ɗaga masa yatsa, wato ya yi shiru. Kaset na juyawa, ba mai cewa uffan. Sai ya sauke yatsan, mutum ya ce ina kwana, yatsa ya sake tashi. Wani zai ce, "Malam, kaset na ci fa." Baba ya ce, "To a ina mahaifiyar taka za ta amsa?" Kuma shirun ba ɗaya ba ne. In saƙon na aboki ne, gajere. In na uwa ne, sai ya ja shi sosai, don ya san tsohuwa ba ta amsawa ta tsaya, sai ta haɗa da addu'a.

Ni a nan Abidjan aka haife ni, da Faransanci na yi karatu, Hausata kuwa Baba cewa yake ta sha ruwa. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana, ko da tsiya zai yi mini. Da na tafi karatu birnin Yamoussoukro ina da waya, shi ma yana da ita, amma sai ga kaset ya aiko ta hannun direba. Na ari rikoda na saurara sau ɗaya, ina danna gaba duk inda ya yi shiru. Na ce tsohon nan bai san darajar lokaci ba, na jefa kaset ɗin a akwati.

Yau ina aiki a wani ƙaramin ofis a unguwar Treichville, inda muke harkar ƙirƙirarriyar basira. Muna gina murya mai amsa waya: ɗan kasuwa ya kira ya tambaya ko kayansa sun fito daga tashar jirgin ruwa, na'ura ta ba shi amsa da harshensa. Faransanci ya yi kyau, harshen Dioula ma ya yi. Ɓangaren Hausa ni aka damƙa wa, ni ma na nace sai an saka shi. Kuma shi ne ya ƙi. Mutane su kira, su ji muryar, su kashe waya.

Na yi watanni ina gyara. Na canza murya, na ƙara kalmomi, na gyara lafazi, duk a banza. Kaina ya bushe ƙaf, ko sabon tunani ɗaya ba ya zuwa. Rannan shugaban ofis ya kira ni, ya ce ba da mugun nufi ba, amma in wata ya ƙare ba canji za a cire Hausa, tunda yawancin Hausawan nan suna jin Faransanci ko Dioula. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san in aka cire ba za a sake mayarwa ba, kuma a hannun 'yar Mai-Kaset abin ya mutu.

Na hau tasin haya da muke kira woro-woro zuwa Adjamé, wurin Hajiya Kande mai atamfa, tsohuwar mai aika kaset a shagon Baba. Na kira layin na miƙa mata. Ko rabin minti ba ta yi ba ta miƙo mini wayata.

"Ke, wannan mashin naku il est impoli, ba shi da ladabi," in ji ta. "Ya yi sallama, kafin in buɗe baki ya wuce ina kwana, ya wuce ina gajiya, har yana tambayata lambar kaya. Da wa yake gaisawa? Da kansa?"

Na ce, "Hajiya, don a yi sauri ne."

Ta ce, "Sauri? Ke ba 'yar Malam Idi ba ce?"

Kunya ta rufe ni. Ni da hannuna na yi wannan aikin. Duk muryoyin da muka tara don koya wa na'ura, na bi su ɗaya bayan ɗaya na yanke shirun da ke ciki, saboda a sana'armu shiru ɓata lokaci ne. Mutanen ma a ɗaki muka zaunar da su suna karanta takarda, ba kowa a gabansu. Na koya wa na'ura kalmomin gaisuwa tsaf, ban koya mata cewa akwai mai amsawa ba.

Washegari na watsar da ɗakin ɗaukar murya. Na ɗauki waya da makirufo na shiga kasuwa, daga layin 'yan atamfa har unguwar Indénié, ina roƙon mutane biyu-biyu su gaisa kamar yadda suka saba. Ban yanke komai ba, har da "ça va" da "i ni ce" na Faransanci da Dioula da suke cusawa a tsakiya. A nan na ga abin da Baba ya sani da ka: saurayi na amsawa a taƙaice, dattijo sai ya tambayi gida da kasuwa, tsohuwa kuwa sai ta sa albarka. Aikin na'ura shi ne ta gane lokacin da mutum ya gama, ba ta ƙirga daƙiƙa ba. Tunani ya dinga zuwa mini har na rasa wanda zan fara rubutawa.

Kafin wata ya ƙare na koma wurin Hajiya Kande. Ta kira, aka yi mata sallama, aka jira. Ta amsa, ta tambayi na'ura mutanen gida, ta yi mata fatan alheri, sannan ta karanto lambar kayanta. Da ta gama ta ce, "Yanzu ya yi hankali." Ba a cire Hausa ba. An dai ce a ci gaba da gani, kuma har yanzu na'urar takan katse tsofaffi in sun tsaya numfashi. Zan gyara. In ta kama in zaga kowane layi na Adjamé da makirufo, zan zaga.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Na san ba zai ji tsoron na'urar ba, mutumin da ya yi rayuwarsa da rikoda. Dariya zai yi mini, ya ce Uwata ta yi digiri ta dawo tana koyon ɗaga yatsa. Shagonsa yanzu ana gyaran waya a ciki, rikodar ta lalace tun yana raye, bencin ma ban san inda ya shiga ba. Abin da ya rage nasa shi ne wannan ɗan jiran, wanda yau yake cikin layin da bai san za a yi ba.

A makon nan na tono kaset ɗin Yamoussoukro, na kai wani mai gyaran rediyo a Treichville ya sa mini. Muryar Baba ta fito da ƙarfinta: "Salamu alaikum, Uwata." Sai shiru. Wannan karon ban danna gaba ba, sai na ji ashe dogon shiru ya bar mini, irin wanda yake bar wa uwaye. Mai gyara ya miƙa hannu yana zaton kaset ya tsinke, na ɗaga masa yatsa.

Na ce, "Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya haskaka kabarinka." Na gama addu'ata tsaf, har na share ido, sannan Baba ya ce, "Ina kwana?"