Goron Achta Mai Kifi

A Garoua, duk wanda ya taɓa bi ta bayan babbar kasuwa da hantsi ya san ƙamshin kaskon Achta mai kifi. Shekara goma sha tara tana soya karfasa a gindin bishiyar maina guda, har ta aurar da 'ya'ya uku da wannan kasko. Abin dariya, matar da ta tsufa a kan kifi ba ta taɓa ganin tafkin Lagdo ba, inda kifin nata yake fitowa.

A zuci kawai take zuwa. In mai ya fara tafasa, sai idonta ya tafi, ta ga ruwa shimfiɗe har bakin sama, kwale-kwale na lilo, wani mutum da ba ta san fuskarsa ba yana jan koma. Sunansa kaɗai ta sani, Bilya. Shi ke kamawa, ya miƙa wa Angélique mai ƙanƙara a bakin ruwa, ita ta shirya kifin a kwando ta ɗora a motar Robert, Robert ya biyo ta Ngong ya sauke a tasha. Hannu huɗu, in ɗaya ya saki, kasko ya huce.

Bilya bai yarda da wayar salula ba, ya ce ruwa na cinye ta. Saboda haka da goro suke magana. In kwandon zai koma fanko, Achta kan ƙulle goro a tsumma ta jefa ciki: ɗaya, kwando ɗaya gobe, biyu, kwando biyu. Kifi ya gangaro, goro ya hau, ba a taɓa samun saɓani ba.

Ran wata Laraba naƙuda ta kama autarta Sadiƙa. Achta ta cilla wa Robert kwando tana gudu, ba goro ba dalilinsa. Kwana uku ta yi a asibiti. Da ta dawo, ta je tasha da murnar jika, Robert ya buɗe mata hannu wayam.

"Mama Achta, ba naki. Angélique ta ce babu, c'est tout, shi ke nan."

Shi Robert kaya kawai ya sani, ba ya bin ba'asi, ba ya kai labari. Washegari ma babu. Ga suna saura kwana uku, ga ta ta yi wa surukai alkawarin giwan ruwa. Ta sayi kifin wani ɗan kasuwa, masu saye suka ɗanɗana suka yi mata kallon "ba haka muka saba ba". Ranta ya ɓaci ƙwarai, har da tsoro, don ta gane duk shekarun nan igiya ɗaya take riƙe da ita.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga gaban motar Robert ta bi kifinta baya-baya. Gonakin auduga suna wucewa, duwatsu suna matsowa suna ja da baya, ita ko tana ta gyangyaɗi, ba ta san inda mafarki ya tsaya hanya ta soma ba. Da ruwan ya bayyana, sai ta kama bakinta. Ashe duk hasashenta rowa ta yi masa.

Angélique na fasa ƙanƙara, da jin sunan baƙuwa ta saki guduma ta yi alamar gicciye. Ta kama hannun Achta ta kai ta gindin wata tsamiya, wurin wani ɗan guntun tsoho mai gyaran raga. Achta da ta yi shekaru tana zana dogon ƙato a ranta ta kusa yin dariya.

"Baba Bilya, ga mutuniyar Garoua," in ji Angélique.

Tsohon ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Hajiya, ai mun yi miki addu'a ran Juma'a. Shekara goma sha tara kwando bai taɓa zuwa babu goro ba. Na zazzage shi sau uku. Na ce wa mutanen masallaci matar nan ba mai mantuwa ba ce, sai dai in ta riga mu. Kason kifinki ma sadaka nake yi da shi, Allah ya kai ladan kabarinki."

Achta ta zauna a ƙasa, dariya da kuka suka haɗe mata. Ba ta taɓa tsammanin akwai wanda zai yi makokinta a bakin ruwan da ba ta sani ba. Ta ce jika ta samu, shi ya ɗauke mata hankali.

"To ladan ya koma kan jaririn," in ji Bilya. "Nawa za a kawo gobe?"

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro goro uku. Wannan karon ba ta jefa a kwando ba, a tafin hannunsa ta sa.