Rigar Ruwan Da Na Bar Wa Wurin Girma

Mun tashi da asuba daga Inugu, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara huɗu, za mu sunan ɗan yayana. Yayan nawa sarin doya da busasshen kifi yake yi a wani ƙauye na bakin Kogin Kwara, gaba da Anacha. Tun a waya ya gaya min ruwa ya cinye hanyar mota, sai dai kwalekwale. Ya ce masu jirgi kan ba manya rigar ruwa, irin mai soson nan da ke hana mutum nutsewa, amma ba sa ajiye ta yara, don haka in tsaya kasuwa in saya wa yarinya tata. Ni ɗan tudu ne, ko a kududdufi ban taɓa iyo ba. Tun daga wannan waya gabana yake faɗuwa.

Hanyar kuwa sai addu'a. Inda aka gyara direba ya zuba gudu, inda ba a gyara ba mu yi ta gwara kai da rufin bas. Mun karya da okpa, alalar gurjiyar nan ta Inyamurai, wadda kuɗinta ya hau ita kuma ta rame. Da hantsi muka shiga Anacha, muka ajiye kaya wurin wani ɗan garinmu a unguwar Fegge, keke ya kai mu babbar kasuwa.

Wata mata ce ke sayar da rigunan, a layin masu raga da ƙugiya. Ba ta tambayi shekarun yarinya ba, ɗora ta ta yi a kan sikeli, sannan ta ciro wata 'yar ƙarama mai tudu a bayan wuya don tallafe kai, da igiya da ake ratsawa tsakanin ƙafafu. Ta zauna mata cif. To ni tela ne, shekara ashirin ina ɗinka wa yara kayan Sallah, kuma ban taɓa yanka yadi cif da jikin yaro ba. Kullum sai na bar wa girma wuri. Na nuna wata babba marar igiyar ƙafafu, na ce wannan za ta kai ta har aji uku.

“Aboki, dis one go komot for her body o,” in ji matar, wato za ta sulluɓe daga jikinta.

Na yi dariya, na ɗauka salon ciniki ne. Maiɗakina ta ce, “Malam, anya kuwa?” Na ce mata maganar awo a bar wa masu awo, na biya kuɗin babbar.

Daga nan muka isa bakin ruwa. Kogin ya cika ya tumbatsa, ruwan ja kamar kunun kanwa, yana tafe da rassan itace da ciyayi. Aka loda mu da buhunan siminti da mata masu kwandunan kifi, har gefen kwalekwalen bai fi taƙi ɗaya daga ruwa ba. Injin ya tashi, ni kuma na kama duk addu'ar da na sani. Yarinya kuwa murna take yi, ta durƙusa a kan benci tana leƙen ruwa, rigar ta haɗiye ta har kunne.

Mun yi nisa sai wani ƙaton jirgin yashi ya wuce ta gefenmu. Igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sake, kwalekwalen ya karkata, na ga ƙafafun 'yata sun zame sun fita waje. Na kai hannu na cafki kafaɗun rigar na fizgo da duk ƙarfina.

Rigar ce kaɗai ta biyo ni.

Yarinyar ta zare ta ƙasa, hannuwa a sama, ruwa ya kai mata ƙirji. Ban yi ihu ba, ban motsa ba, ina riƙe da soso. Wata dattijuwa mai kifi da ke kusa da ita ce ta damƙe wuyan hannunta ta jawo ta ciki. Ta karɓi rigar daga hannuna ta mayar mata, ta kwance ɗankwalinta ta ratsa shi tsakanin ƙafafun yarinyar ta ɗaure tamau, ta miƙa wa uwarta ita. Har muka sauka na kasa haɗa ido da maiɗakina.

An yi suna lafiya, an ci rago da sakwara, amma ni ban san ɗanɗanonsu ba. Abin da ke raina ɗaya ne: ta wannan ruwa za mu koma. Washegari da sassafe na ce wa yayana zan je Anacha in dawo. Ya ce, “Kai da ko kallon ruwan ba ka iya yi?” Na ce haka nan. Na ƙetare ni kaɗai ido a rufe, na sami matar nan mai sayar da rigunan, ta dube ni ta miƙo ƙaramar rigar ba tare da gori ba. Ta nuna min gwaji: a ɗaure komai, a ɗaga yaro ta kafaɗun riga, in rigar ta hau ta wuce haɓa da kunne, ba tasa ba ce. Da na koma ƙauyen sau uku na ɗaga 'yata a gaban jama'a, rigar ko gezau.

Mun dawo Inugu bayan la'asar ranar Litinin. Abin da na koyo, kuma nake roƙon iyaye su riƙe, shi ne rigar ruwa da nauyin yaro na yau ake sayenta, a gwada ta a jikinsa tun a shago, kuma kada a karɓi wadda ba ta da igiyar ƙasa.

Muna shiga gida maƙwabta suka zo sannu da hanya. 'Yata ta riga kowa ba da labari, har da tsalle. Ta ce ta shiga jirgi, ta ga babban ruwa, kuma Baba ya cire mata riga a tsakiyar kogi. Matan suka yi dariya, suna jiran in gyara mata zance. Ban gyara ba.